Mayen Ƙarfe, Naɗin Waya Da Solinoid: Abin Da Ke Cewa "Ƙat" Idan An Murɗa Makulli

Duk wanda ya saba bin titin Haɗejiya daga Kano zuwa Jogana da Gezawa ya san wannan yanayi: an gama lodi, direba ya murɗa makulli, mota ta ce "ƙat", sai shiru. Wasu fasinjoji su ce batir ne, wasu su ce kik ya mutu, a ƙarshe dai a sauko a tura. Abin da ya yi wannan ƙara ƙaramar na'ura ce da ake kira solinoid, kuma yadda ta yi ƙarar yana nuna inda matsalar take tun kafin a ɗauko sifana. Wanda bai san yarenta ba yana iya sayen sabon kik alhali kan batir ne kawai ya yi datti.

Kafin a kai ga solinoid sai an bi ta kan abubuwa biyu: mayen ƙarfe na dindindin, da wanda ake yi da lantarki.

Mayen ƙarfe

Sunansa na littafi shi ne maganaɗisu. Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci, Larabawa kuma sun same ta daga Girkawa, waɗanda suka danganta wani baƙin dutse mai jan ƙarfe da yankin Magnisiya. Yara a ƙauye sun san shi tun kafin su ji wannan suna. Sukan ɓalle zagayayyen baƙin da ke bayan tsohuwar lasifikar rediyo, su ja shi cikin rairayi, ya fito da baƙin gari maƙale a jikinsa kamar gashi. Wannan gari ɓurɓushin ma'adinin ƙarfe ne da ke cikin ƙasa. Idan aka barbaɗa shi a kan takarda, aka sa mayen ƙarfen a ƙarƙashi, aka ɗan bubbuga, zai jeru layi-layi masu lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan. Layukan nan hoton abin da ake kira filin maganaɗisu ne, wato iya wurin da ƙarfinsa ke kaiwa.

Kowane mayen ƙarfe yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Arewa da kudu suna jan juna, arewa da arewa suna ture juna. Ko an karya shi biyu ba a raba su, kowane ɓari zai sake zama mai kai biyu. Dalili shi ne ƙarfin daga cikin ƙwayoyin zarra yake fitowa. A jikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna bila adadin, kowanne tamkar ɗan mitsitsin mayen ƙarfe ne. A cikin ƙusa ta yau da kullum yankunan nan kamar jama'a suke a tsakiyar kasuwa, kowa ya fuskanci inda ya ga dama, ƙarfin wannan ya kashe na wancan. A cikin mayen ƙarfe kuwa an sa su sun tsaya sahu, duk sun fuskanci gefe guda.

Zafi yana watsa wannan sahu. Idan ƙarfe ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, mayen ƙarfe ba ya kama shi sam. Maƙerin da ke ƙera fartanya zai iya gwadawa: ƙarfen da ya yi jajir a wuta ba ya amsa mayen ƙarfe, da ya fara hucewa sai ya dawo yana kamawa. Irin mai ƙyalli kamar azurfa da ake samu a cikin sifikar kunne da tsohon hadis na kwamfuta, wanda ake yi da sinadarin niyodimiyam tun shekarun 1980, ya fi baƙin na rediyo ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ya fi shi raki. Yawancinsa yana fara rasa ƙarfi da zarar zafi ya haura digiri 80.

Ba kowane ƙarfe yake kamawa ba. Baƙin ƙarfe, nikel da kobalt su ne 'yan gidansa. Jan ƙarfe, alminiyam, zinariya da azurfa ko kallonsa ba sa yi. Shi ya sa 'yan jari bola da masu awon kayan gwangwan ba sa rabuwa da shi: abin da ya kama farashinsa daban, abin da bai kama ba farashinsa daban.

Duniya ita ma babban mayen ƙarfe ce, ko da yake mai rauni ƙwarai, kuma ita allurar kamfas ke bi. Tun a ƙarshen ƙarni na 13 wani sarkin Yaman, Al-Ashraf Umar bin Yusuf, ya rubuta yadda ake amfani da kamfas wajen gano alƙibla. Manhajar alƙibla da ke wayar hannu aikin nan take yi da wata 'yar na'ura mai auna filin duniya. Daga yankin Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Idan manhajar ta nuna wani gefe dabam, a fara duba ko wayar tana kusa da lasifika, ƙofar ƙarfe, janareta, ko kuma rigar wayar irin mai maɓallin mayen ƙarfe ce. Filin duniya ba shi da ƙarfin da zai yi gogayya da su.

Ranar da waya ta juya allura

Matsalar mayen ƙarfe na dindindin ita ce ba ya jin magana. Ya kama ya kama, babu makunnin da za a danna ya saki. Mafita ta fara bayyana a 1820, lokacin da wani malami ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa idan lantarki ya bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa tana juyawa. Ma'ana, duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana da nata filin maganaɗisu, kuma da an yanke wutar filin ya ɓace.

Filin miƙaƙƙiyar waya guda ba shi da wani ƙarfi. Amma idan aka naɗe ta zagaye bayan zagaye kamar zare a jikin mazari, ƙarfin kowane zagaye yana hawa kan na ɗan'uwansa, sai tsakiyar naɗin ya zama kamar sandar mayen ƙarfe mai kan arewa da kan kudu. Bafaranshe André-Marie Ampère ne ya laƙaba wa irin wannan naɗi sunan da ya zama solinoid, daga kalmar Girkanci mai nufin bututu. Idan kuma aka cusa ƙarfe a tsakiyar naɗin, yankunan nan na cikinsa sai su tsaya sahu, ƙarfin ya ninka sau ɗaruruwa. Wannan shi ne maganaɗisun lantarki. William Sturgeon na Ingila ya nuna nasa a 1825: ƙarfe mai nauyin kusan giram 200 ya ɗaga kusan kilo 4. Bayan 'yan shekaru Joseph Henry na Amurka ya rufe wayarsa da abin da zai hana ta taɓa juna, ya sami damar yin naɗi hawa-hawa, har ya ƙera wanda ya ɗaga fiye da kilo 900.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin ya dogara ne ga yawan zagaye sau yawan amfiyar da ke bi ta ciki. Zagaye 500 da rabin amfiya daidai yake da zagaye 250 da amfiya ɗaya. To me zai hana a yi ta ƙara wuta? Zafi. Wayar koyil tana sanye da wani siririn fenti mai kama da gam, shi ne yake hana zagaye taɓa zagaye. Idan zafi ya ƙona shi, wayoyin suka haɗu, wuta sai ta yanke hanya, amfiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, koyil ya ƙarasa ƙonewa. Warin nan da kowa ya sani idan fanka ko injin niƙa ya "ƙone", warin fentin ne.

A nan ne ake cutar mutane da yawa wajen sake naɗi. Akwai wayar alminiyam da ake yi wa rufin jan ƙarfe, a ido ba a bambanta ta da ta gaske. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, don haka injin da aka naɗa da ita yana yin zafi da wuri. Mayen ƙarfe ba zai tona wannan ba, tunda duka biyun ba ya kama su. Sai dai a kankare bakin wayar da reza: idan cikin fari ne, alminiyam ce. Nauyi ma yana faɗa, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam fiye da sau uku. Idan kuwa mayen ƙarfe ya kama wayar da aka ce ta jan ƙarfe ce, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga.

Solinoid ɗin mota da na babur

Solinoid da makanikai ke nufi naɗin waya ne mai rami a tsaka, da ɗan sandan ƙarfe da ke iya shiga da fita, da sifirin da ke mayar da shi. An ba shi wuta, filin ya zuƙe sandan ciki. An yanke, sifirin ya turo shi waje. Iyakar aikinsa ke nan, amma da wannan ɗan motsi ake tayar da tirela.

Kik ɗin mota yana shan amfiya fiye da 100 a lokacin tayar da inji. Irin wannan wuta ba za ta bi ta makulli ba, za ta narkar da shi. Abin da makulli ke yi shi ne aika 'yar wuta zuwa solinoid da ke ɗaure a saman kik. Sandan solinoid idan ya motsa yana aiki biyu a lokaci guda: ya tura ƙaramin giya ya shiga haƙoran babban faifan inji, sannan ya haɗa wasu manyan bakunan jan ƙarfe biyu da ke sada batir da kik kai tsaye. A babur mai sitata da adaidaita sahu galibi aiki na biyun kawai yake yi, kuma yana zaune ne kusa da batir.

Yanzu a koma kan ƙarar. Idan aka ji "ƙat-ƙat-ƙat-ƙat" da sauri a jere, kusan kullum batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti ko ya saki. Ga abin da ke faruwa: akwai wutar da ta isa ta ja sandan, amma da ya haɗa kik, kik ya zuƙe ɗan abin da ya rage, ƙarfin batir ya faɗi, solinoid ya saki. Da ya saki batir ya ɗan farfaɗo, ya sake ja, haka dai. Solinoid ɗin lafiyarsa ƙalau, shaida yake bayarwa. Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna wajen 12.6 a mitar gwaji, kuma idan ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake murɗa makulli to shi ne mai laifi.

Idan "ƙat" ɗaya ce mai ƙarfi sannan shiru, fitilun mota kuma ba su dushe ba, sandan ya motsa amma wuta ba ta wuce ba. Sau da yawa bakunan jan ƙarfen ne suka cinye saboda tartsatsi, ko gawayin cikin kik ya ƙare. Idan fitilun suka dushe sosai, wuta ta wuce amma kik ko injin ya cije. Idan kuwa ko "ƙat" ɗin babu, a bi hanyar ƙaramar wutar: fis, makulli, wayar da ta zo solinoid, sannan koyil ɗin kansa.

Akwai al'adar haɗa bakunan biyu da sifana ko sukundireba don a tsallake solinoid. Tana aiki, amma ganganci ce idan ba a tabbatar mota ba ta cikin giya ba, domin za ta iya zabura ta hau wanda ke tsaye gabanta. Tartsatsin kuma kusa da fetur yake tashi.

Injin da ba shi da batir

Masu noman rani a fadamu da bakin kogin Jakara, har zuwa madatsar Wasai da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Minjibir, sun dogara ne ga ƙaramin injin ban ruwa mai inci 2 ko 3. Injin nan ba shi da batir, amma fulogi yana ba da wuta. Daga ina? Daga juyin abin da Ørsted ya gano. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa kamar yadda lantarki ke haifar da maganaɗisu, haka mayen ƙarfe mai motsi kusa da naɗin waya ke haifar da lantarki. A jikin faifan da igiyar tayarwa ke juyawa akwai mayen ƙarfe. Duk zagaye ɗaya sai ya gifta ta gaban koyil, koyil ya harba dubban bolt zuwa fulogi. Shi ya sa jan igiya da sanyin jiki ba ya tayar da inji, sai mayen ya gifta da sauri. Tazarar da ke tsakaninsa da koyil ma tana da muhimmanci, ba ta wuce kaurin kati ba, wajen rabin milimita ko ƙasa da haka. Injin da ya kwana cikin damina ya yi tsatsa a wurin, ko aka kwance koyil aka mayar da shi da nisa, zai wahalar da mai shi a daidai lokacin da tumatir da albasa ke neman ruwa.

Janareta ma ɗan gidan ne, sai dai a yawancinsu abin da ke juyawa a tsaka maganaɗisun lantarki ne. Yana farawa da ɗan ragowar ƙarfin da ya maƙale a ƙarfensa tun aikin baya, ya samar da 'yar wuta, wutar ta koma ta ƙara masa ƙarfi har ya cika. Janaretan da ya daɗe a ajiye yakan rasa wannan ragowa, inji ya tashi lafiya amma babu wuta. Masu gyara suna dawo da ita ta hanyar ɗan taɓa masa wutar batir na daƙiƙa kaɗan. Aikin gwani ne wannan, amma sanin haka yana hana a yarda da maganar cewa sai an sake naɗi gaba ɗaya tun ba a gwada ba.

Mitar wuta mai kati irin wadda KEDCO ke sakawa ita ma tana cewa "ƙat" idan kuɗi ya ƙare. A cikinta akwai rile, wato makunnin da koyil ke motsawa, amma irin mai riƙe kansa: bugun wuta ɗaya ya ture shi gefe, ɗan mayen ƙarfe na dindindin ya riƙe shi a can ba tare da shan wuta ba, sai an sa kati wani bugun ya dawo da shi.

Inda manhaja ke samun hannu

Ga masu koyon rubuta manhaja, nan ne batun ya fi daɗi. Manhaja ba ta iya buɗe famfo. Iyakarta ta sa ƙafar wani ɗan guntu a kan allo ta ba da bolt 5 ko 3.3. Solinoid ne ke mayar da wannan umarni ya zama motsi. Matashin da ke son haɗa ban ruwa mai sarrafa kansa a lambun gidansu, da allon Arduino ko ESP32 da farantin sola, dole ya bi ta bawul mai solinoid: an ba shi wuta ruwa ya wuce, an yanke ya tsaya. Ana samun kayan a wajen masu sayar da kayan lantarki na Sabon Gari a Kano. Abin takaici shi ne allo da yawa na mutuwa a ranar farko, kuma dalilan ba su da yawa.

Na farko, ƙafar Arduino an yi ta ne don ta ba da wajen miliamfiya 20. Bawul mai bolt 12 da koyil ɗinsa ke da om 24 yana jan rabin amfiya, wato miliamfiya 500, ninki 25 ke nan. Ba a haɗa su kai tsaye. Allo ya kunna tiransista ko rile, shi kuma ya sada bawul da batir. Dabarar makullin mota ce dai aka maimaita, ƙaramar wuta tana ba babba umarni.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma dokar Faraday ce ta dawo. Lokacin da koyil ke kunne, akwai ƙarfi a ajiye cikin filinsa. Da an yanke wuta filin yana rushewa nan take, rushewar kuma tana haifar da wata wuta mai juyowa da baya wadda kan ninka bolt 12 ɗin sau da yawa. Wannan harbi ne ake so a fulogi, amma a kan allo shi ne ajalin tiransista. Alamarsa ita ce allo ya riƙa sake tashi da kansa duk lokacin da bawul ya rufe, mai shi ya yi ta binciken layukan manhaja alhali ba can matsalar take ba. Maganin dayod ne guda, irin 1N4007, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ana haɗa shi a kan ƙafafun koyil biyu a juye, gefen mai zoben fari yana kallon wayar fositif. A lokacin aiki ba ya wuce da komai, amma da harbin ya taso sai ya ba shi hanya ya zagaya cikin koyil har ya mutu. Idan aka juya shi ba daidai ba zai haɗa batir da kansa, don haka a duba zoben sau biyu.

Na uku ba na lantarki ba ne. Yawancin bawul na roba masu araha ba solinoid ne ke buɗe babbar hanyar ba. Ɗan ƙaramin rami kawai yake buɗewa, matsin ruwan ne ke ɗaga robar da ta toshe hanya. Irin waɗannan suna buƙatar matsi aƙalla wajen 0.2 na ba, kuma tsayin mita 10 ne ke ba da kusan ba ɗaya. Ke nan sai ruwan tanki ya fi bawul tsayi da mita 2 ko fiye. Duro da aka ɗora kan bulo uku ba zai buɗe shi ba, za a ji "ƙat" amma ruwa sai ɗigo. Mai irin wannan tanki ya nemi bawul da solinoid ke ɗaga toshiyar kai tsaye, ko mai ɗan injin da ke murɗa ƙwallo. Ruwan rijiya da na fadama kuma yana zuwa da yashi, ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe ɗan ramin, saboda haka a sa matata kafin bawul.

Sai lissafin batir. Bawul mai jan rabin amfiya a bolt 12 yana shan wat 6 muddin yana buɗe. Awa biyu a rana wat-awa 12 ne, ƙaramin farantin sola zai biya. Amma idan layuka shida ne, kowanne da bawul ɗinsa, kuma an bar su cikin ranar Maris da Afrilu, koyil zai haɗa zafinsa da na gari. A yi musu rumfa, a kuma tsara manhajar ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya da asuba ko bayan la'asar. Wanda ya sami irin bawul mai riƙe kansa, mai aiki kamar rilen mita, bugu ɗaya na ƙasa da daƙiƙa ya ishe shi buɗewa, wani bugun da aka juya fositif da negatif ya rufe shi. Sai dai shi ba ya rufe kansa idan batir ya mutu yana buɗe, don haka dole manhajar ta riƙa auna batir, ta rufe ruwa tun ƙarfinsa bai faɗi ba.